Sanya injin 13B mai turbo a tsohuwar RX-7 ta 1983

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Amurka ya aiko da tambaya. Ya sayi Mazda RX-7 ƙirar 1983, samfurin GS, bodinta garau babu tsatsa, amma injinta 12A mai kafireta ya gaji: da safe sai an daɗe ana murza makulli kafin ya kama, kuma ya fara shan ruwan lagireto. Yana so ya sauke shi ya ɗora mai turbo. An nuna masa guda biyu, 13B mai turbo na RX-7 zubi na biyu, da 13B-REW na zubi na uku. Yana tambaya ko injin zai zauna a motar, wanne ya fi, da abin da aikin zai buƙata.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri a wannan mota. Injin zai zauna, an sha yi, kuma in aka yi shi da kyau ba ka son ka sauka daga motar. Shawarata ka ɗauki na zubi na biyu, wanda a Amurka ake kira Turbo II, ka bar REW. Amma tun yanzu ka sa a ranka cewa sayen injin da ɗora shi su ne ƙaramin ɓangaren aikin. A duk irin wannan aiki da ya bi ta hannuna, kuɗin injin bai taɓa kai rabin abin da aka kashe ba. Sauran ya tafi ne a kan mai, sanyaya, wayarin, giya da birki, kuma waɗannan ne ke yanke ko injin zai yi shekaru ko zai mutu a wata na farko.

Sai ka san halin injin kafin ka gane dalili. Wannan inji na Felix Wankel, da ake kira rotari, wanda Mazda ta sayi lasisinsa daga kamfanin NSU na Jamus a 1961, ba shi da fistan, ba shi da bawul, ba shi da kamshaf. Abin da ke cikinsa rota biyu ne, kowace mai kusurwa uku, suna juyi a cikin gidan alminiyam da aka matse tsakanin faifan ƙarfe. Rota ta zaga sau ɗaya, shaf ɗin tsakiya ya zaga sau uku. A bakin kowace kusurwa akwai wani siririn ƙarfe da ke gogar bangon gidan, shi ke riƙe matsi kamar yadda ringi ke yi wa fistan. Masu aikin suna ce masa afes sil. A injin da ke motarka kaurinsa milimita 3 ne, daga 1986 aka mayar da shi milimita 2. Injin fistan in mai ya yi masa ƙaranci ko wuta ta riga lokaci, zai yi ta ƙwanƙwasa yana gaya maka, har ka ɗaga ƙafa. Rotari mai turbo ba ya ba ka wannan damar. Ƙwanƙwasa ɗaya mai ƙarfi ta isa ta karya sil, gutsuren ya karce gida, ya ci fuskar rota, ya fita ta salansa ya kakkarya fukafukan turbo a kan hanyarsa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, daga nan ya samo asali.

Me ya sa na ce ka bar REW? Ba don ba shi da kyau ba. Shi ne ya fi ƙarfi, doki 255 a motocin da aka sayar a Amurka daga 1993 zuwa 1995. Sai dai turbo biyu gare shi masu aiki bi da bi, ƙaramin gudu ɗaya na aiki, in an haura sai na biyu ya shigo, kuma abin da ke tafiyar da wannan tsari tarin ƙananan tiyo ne da solenoyid a cushe a ƙarƙashin manifol, duk zafi ya gasa su shekara talatin. Tiyo ɗaya ya tsage, sai ka kwana uku kana nema. Yawancin masu ɗora shi a tsohuwar mota cire turbo biyun suke yi su sa babba guda ɗaya, ka ga an buɗe wata sabuwar ƙofar kashe kuɗi. Ga shi kuma ya fi tsada, kujerunsa a can baya suke, murfin gabansa daban. Turbo II kuwa turbo ɗaya ne, doki 182 a ƙirar 1987 da 1988, doki 200 a ƙirar 1989 zuwa 1991. Motarka wajen kilo 1,100 take, kuma da doki 100 ta fito daga kamfani. Ka ninka mata ƙarfi ke nan ba tare da ka taɓa cikin injin ba. Wanda ya taɓa tuƙa wannan ƙaramar mota da doki 200 ya san ba ta buƙatar ƙari.

Tsakanin ƙirar Turbo II biyun ma akwai zaɓi. Na 1987 da 1988 matsinsa 8.5 ne, na baya 9.0. Na farkon ya fi haƙuri da iskar turbo, kuma famfon da ke ɗiga wa sil baƙin mai na sanda ne, ba ruwansa da lantarki. Na bayan rotocinsa sun fi sauƙin nauyi, ya fi kuzari a ƙasa, amma famfon nasa birenbos ke juya shi, in ba ka haɗa shi daidai ba birenbos ɗin zai daƙile injin. Duk wanda ka samu mai lafiya ka ɗauka. Abin da ba a yi shi ne cakuɗa kayan juyinsu. Nauyin rota ya bambanta tsakanin ƙirar biyu, kuma fulawil da ma'aunin nauyin da ke gaban shaf an daidaita su ne da rotocin. Ka sa fulawil ɗin wata shekara a injin wata, zai tashi, zai yi tafiya, amma yana karkarwa yana cin biyarin a hankali.

Kada ka biya kuɗin inji sai an gwada matsinsa a gabanka. Gwajin ya bambanta da na injin fistan, domin kowace rota fuska uku gare ta, kowace fuska da nata matsin. In babu na'urar rotari, ka ɗauki ma'aunin matsi na yau da kullum, ka danne ɗan bawul ɗin sakin iska don allura ta riƙa tashi tana komawa, ka ɗaura shi a ramin filogin sama, a buga sitata. Bugu uku daidai wa daida kake son gani, ɗaya bayan ɗaya. In ka ga ɗaya mai ƙarfi biyu a kwance, afes sil ɗaya ya tafi, domin sil ɗaya katanga ce tsakanin ɗaki biyu. In biyu na da ƙarfi ɗaya ya yi rauni, sil ɗin gefe ne. Littafin Mazda ya sa mafi ƙarancin matsi a 85 psi in injin na juyi 250 a minti, da zafinsa. Sannan ka cire manifol ɗin salansa ka haska tocila ta ramin, kana juya injin da hannu. Za ka ga sil guda shidan suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ka danna kowanne da ɗan tsinken katako, ya kamata ya lotsa ya dawo. In ka ga ruwa ko jan tsatsa a ciki, robar ruwa ta ƙone, injin na buɗewa ne, sai a yi ciniki a kan haka. Wani ya taɓa kawo mini inji da ya saya daga masu shigo da su daga Japan, an wanke shi fes har yana sheƙi, mai sayarwa ya rantse masa daga mota mai tafiya aka sauke. Da muka leƙa rotar baya, sil ɗaya babu shi gaba ɗaya, sai ramin. Kuɗin gyaran ya kusa kamo kuɗin sayen.

Yanzu zaman injin a mota. 13B ya fi 12A tsawo da milimita 20 kacal, domin faɗin kowace rota 80 ne maimakon 70. Matsalar ita ce wurin ɗaurewa. Motarka tana riƙe inji ta murfin gaba, da wani ƙarfe da ya gitta, Turbo II kuwa ta tsakiya ake riƙe shi. Sa'arka ita ce Mazda da kanta ta sa 13B marar turbo a wannan bodi a 1984 da 1985, samfurin GSL-SE mai doki 135. Saboda haka hanyar da aka fi bi ita ce a cire murfin gaban Turbo II a sa na GSL-SE ko na 12A ɗinka, a sa kaskon baƙin mai na GSL-SE da bututun zuƙarsa, a gyara ramukan ƙarfen gittawa ko a sayi wanda aka yi don haka. Kaskon 12A ba zai yi ba, ya gaza da waɗancan milimita 20. Tsohon murfin ba shi da ramin da baƙin mai ke dawowa daga turbo, sai an huda an yanka masa zare, kuma a yi wannan murfin na kan benci, a wanke shi tas kafin a ɗaura.

A nan akwai wani tarko da nake so ka karanta sau biyu. Don ka cire murfin gaba dole ka kwance babban notin fulin gaba. A bayan wannan fuli akwai biyarin guda biyu masu siraran allurai da ke hana shaf motsi gaba da baya. Da zarar ka saki notin, in shaf ya ɗan ja baya, biyarin na ciki sai ya zame ya faɗa bayan zoben da yake zaune a kai. Ba za ka gani ba, ba za ka ji ba. Kana mayar da noti ka ɗaure, ka murƙushe shi, injin ya tashi lafiya, bayan 'yan kwanaki ƙarfe ya cika baƙin mai. Maganin abin sauƙi ne. In injin na ƙasa, ka tsayar da shi fuli na kallon sama, ka tokare fulawil daga ƙasa, kada ka kwantar da shi sai ka gama ɗaurewa. In yana cikin mota, ka tokare fedar kuloci da katako tun kafin ka taɓa notin. Bayan ka ɗaure ka auna wasan shaf gaba da baya. In babu wasa ko kaɗan, biyarin ya faɗi, ka sake buɗewa.

Canza murfi yana jawo maganar shafa wa sil mai. Wannan inji an yi shi ne ya riƙa ƙona ɗan baƙin mai da gangan, domin sil na buƙatar maiƙo. Da yawa in sun canza murfi sai su toshe famfon gaba ɗaya su koma zuba man haɗi a tanki, irin wanda muke haɗa wa ƙaramin janareta da tsofaffin babura. Ma'aunin da aka saba shi ne wajen mililita 8 a kowace lita ta fetur. Ni ina son wannan hanya domin man haɗi ya fi ƙonewa tas, amma tana da sharaɗi: kwalba ba ta rabuwa da but, kuma duk wanda ka ara wa mota sai ya san da zancen. In ka san kai mai mantuwa ne, ka bar famfon yana aiki, ka ƙara masa da ɗan haɗi kaɗan.

Sai babban lamari, wato fetur. Kafireta tana aiki da ɗan matsi kaɗan, kuma tana da ɗan kofi a cikinta da ke ajiye mai, ko famfo ya zuƙi iska na daƙiƙa biyu ba za ta ji ba. Nozul kuwa, wanda ke fesa wa injin turbon fetur maimakon kafireta, matsin wajen 40 psi yake so, ba yankewa. Tankin motarka ba shi da shinge a ciki, in mai ya yi ƙasa ka shiga doguwar kwana, duk sai ya kwarara gefe guda. Na ga motar da aka yi wa komai daidai, sabon inji, sabon lagireto, aka bar tankin yadda yake aka sa masa babban famfo kawai. Mai ita ya hau kwanar shiga babbar hanya da kwatan tanki, ya taka, turbo ya cika, famfo ya zuƙi iska. Ya ce abin da ya ji kawai wata 'yar tangarɗa ce, sai injin ya koma kamar babur mai filogi ɗaya. Rotar baya ta tafi, injin bai yi wata biyu ba. Saboda haka ko dai ka samo tankin GSL-SE wanda aka yi shi don nozul, ko ka sa ƙaramin tankin tara mai na lita ɗaya zuwa biyu, ƙaramin famfo na cika shi daga babban tanki, babban famfo na ɗiba daga gare shi. Ka ja sabon bututu mai faɗi na zuwa da na dawowa, ka ba famfon wayarsa mai kauri ta rile kai tsaye daga batir. Nozul huɗun nan na Turbo II, kowanne 550cc, ka aika a wanke su a auna zubarsu. Ɗaya ya toshe rabi, rotar da yake ciyarwa ita za ta biya. Kuma fetur mai lamba 91 ko 93 za ka riƙa sha, ban da na ƙasa da haka.

Zafi shi ne abokin gaba na biyu. A rotari baƙin mai ne ke sanyaya cikin rota, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin injin ta nan yake fita. Motocin 12A na 1983 zuwa 1985 suna da wani ɗan abin sanyaya mai a ƙarƙashin filta, mai kama da amyar zuma, da ruwan lagireto yake aiki. Ko ga 12A da ƙyar yake isa, ga turbo kuwa babu zancensa. Ka samo lagireton baƙin mai na zubi na biyu ka ɗaura a gaba inda iska ke bugu, da sababbin tiyo. Lagireton ruwa ka sa na alminiyam mai kauri da fankar lantarki mai murfi, ka toshe duk gefen da iska za ta zille ba ta ratsa shi ba. Allurar zafi ta dashbod kada ka dogara da ita, ka sa ma'auni na gaskiya na zafin ruwa da na baƙin mai. Obahitin sau ɗaya ya isa ya ƙona robar da ke tsakanin gida da faifai, kuma ina zaton abin da ya sami 12A ɗinka ke nan tunda ka ce yana shan ruwa.

Intakular Turbo II, wato abin da ke sanyaya iskar da turbo ke turawa, a saman inji take, a motarta ta asali akwai rami a bonet da ke ba ta iska. Taka ba ta da shi, don haka ka mayar da ita gaba. Turbo zai zauna a gefen fasinja, kusa da hannun sitiyari na wancan gefe da bututun birki, kuma hayaƙin rotari ya fi na injin fistan zafi nesa ba kusa ba. Ka naɗe, ka sa garkuwar zafi. Wani abin kuma: in ka sa babbar salansa a buɗe, ƙofar da ke rage wa turbo hayaƙi ƙarama ce, musamman a na 1987 da 1988, sai iska ta yi ta hauhawa fiye da yadda aka tsara. A faɗaɗa ƙofar tun turbo na ƙasa.

Game da birenbos, za ka iya amfani da na asali in ka samu cikakken saiti daga mota ɗaya, da wayarinsa da ma'aunin iskarsa da kwayil. Amma wayoyin sun haura shekara talatin a cikin zafi, kana lanƙwasa su suna karyewa. In aljihu zai ɗauka, ka sa irin su Haltech ko Link da sabon wayarin, ka kai wa wanda ya saba saita rotari musamman. Kowace rota filogi biyu gare ta, na ƙasa ke fara wuta na sama ya biyo, kuma tazarar da ke tsakaninsu in turbo ya cika ita ce rayuwar injin. Wanda ya saba da injin fistan zai rage mai ya gabato da wuta don neman ƙarfi, nan take ya kashe maka shi. Rotari mai turbo mai yake so da yawa, wajen kashi 11 na iska ga 1 na fetur in an taka. Kuma tunda ka canza murfi, alamun taimin da ke jikin fuli na iya yin ƙarya, sai an tabbatar da su kafin a fara saiti.

Giyabos ɗin 12A zai ɗauru a 13B, zai kuma yi aiki in kana lallaɓawa, amma ba zai daɗe ba. Na Turbo II ka nema, da fulawil ɗinsa da kuloci mai milimita 240 da sitatarsa. Sandar giyarsa ta fi ja baya, sai a gajarta wuyanta ko a ɗan faɗaɗa ramin, a gyara kujerar baya, a haɗa furofela mai bakin Turbo II a gaba da na motarka a baya, a kai a yi mata balansin.

Ƙafar baya kuma kada ka raina ta. GS ɗinka birkin ganga gare ta a baya, kuma aksul ɗinta taya ɗaya yake tura wa ƙarfi in ƙasa ta yi santsi. Ka nemi aksul ɗin GSL, wanda ke da birkin faifai da difiransha mai riƙe tayu biyu, in so samu ne na 1984 ko 1985 domin sandunansa sun fi kauri. Na GSL-SE ya fi duka, amma ramukan wil ɗinsa 114.3 ne, naka 110, sai ka canza na gaba da wil ɗin duka. Wannan mota an san ta da wulla gindi ba zato in an matsa mata a kwana, saboda yadda hannuwan aksul ɗin baya ke cijewa. Da doki 100 abin wasa ne, da 200 yana iya kai mutum rami. Sababbin bushin, shokozoba masu kyau, tayu masu riƙo da birki mai ci, ka yi su tun 12A na ciki, ka saba da motar kafin ƙarfi ya zo. Tanki da lagireto ma za ka iya gamawa kafin ka sayi injin. In kuma a Kalifoniya kake, ka fara bincika dokar hayaƙi, domin motocin 1976 zuwa sama ana gwada su, kuma canjin inji sai da duk kayan tace hayaƙinsa da amincewar jami'in dubawa.

In injin ya tashi, kada ka kunna shi da sanyi ka kashe nan take, mai zai cika ɗaki ya wanke sil, ya ƙi tashi. Ka bari ya ɗumama, kada ka taka turbo sai allurar zafin baƙin mai ta motsa, ka riƙa duba baƙin mai duk lokacin da ka sha fetur. Shi kuma 12A da ka sauke, kada ka kai shi bola. Mazda ta daina ƙera gidajen rotarsa, masu gyaran tsofaffin motocin suna nemansu ido rufe. Ka cire murfin gaban da kake buƙata, ka tsiyaye ruwan da ke ciki, ka zuba ɗan baƙin mai ta ramukan filogi ka juya shi da hannu, ka toshe ramukan ka ajiye shi a busasshen wuri.